Yadda za ka ceto tsohon fim ɗinka, ka kai shi ma'adanar ƙasa da ke Jos

Wannan rubutu na masu kwalaye ne: furodusan da ya daina fim tun zamanin kaset, da ɗan da ya gaji shagon mahaifinsa a Bauchi Road ko Dilimi, da baiwar Allah da mijinta ya rasu ya bar mata buhun kasakasai a ƙarƙashin gado, ba ta san me ke ciki ba. Ni editin na koya a nan Jos, tun ana haɗa bidiyo biyu ana kwafa daga wannan zuwa wancan, kuma yanzu rabin aikina juye tsofaffin kasakasai ne zuwa kwamfuta. Abin da nake gani a kan teburina shi ya sa na zauna na rubuta wannan.

Hukumar Finafinai ta Najeriya, wato NFC, hedikwatarta a garin nan take. Dokar soja mai lamba 61 ta 1979 ce ta kafa ta. A ƙarƙashinta akwai Makarantar Koyon Fim ta Ƙasa, wadda aka buɗe a Jos a 1995, da bikin finafinai na Zuma da ake yi a Abuja, da kuma ma'adanar finafinai da bidiyo da sauti ta ƙasa, wadda ita ce maganarmu a yau. Tun Janairun 2024 Ali Nuhu ne ke shugabantar hukumar. Mutane da yawa suna haɗa ta da Hukumar Tace Finafinai da ke Abuja, wadda aka kafa a 1993, alhali aikinsu daban: waccan tana duba fim ta ba shi izinin fita kasuwa, wannan kuwa raya harkar da adana ta aka ɗora mata.

Amfanin irin wannan ma'adana ya fito fili a kan fim ɗin Shehu Umar, wanda Adamu Halilu ya ba da umarni a 1976 daga littafin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa. Shekaru da dama ana ɗaukar ya ɓata. A 2016 aka gano gwangwanayensa a ma'ajiyar hukumar, cibiyar finafinai ta Arsenal da ke birnin Balin ta gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinan Balin na 2018. Ya tsira ne saboda a kan zaren fim aka ɗauke shi, kuma a hannun gwamnati ya kwana. Namu na bidiyo fa? Daga fim ɗin Turmin Danya na 1990 zuwa lokacin da aka koma ɗauka a kan memori, kusan duk abin da aka yi yana kan kaset da faifai, a hannun ɗaiɗaikun mutane, a shaguna da ɗakunan ajiya masu yoyo. Kaset na bidiyo shekara 10 zuwa 30 ake yi masa zato, kuma kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe da ke ƙera na'urar VHS, ya daina tun 2016. Hukuma ba ta san abin da ke ƙarƙashin gadonka ba, kuma ba za ta iya adana abin da ba a kai mata ba. Rabin aikin namu ne.

Ka fara da wannan: kada ka kunna komai. Na san zumuɗin. Mutum ya ga sunan fim ɗin da ya sha wahala a kansa, hannunsa na rawa ya tura shi cikin bidiyon da ta shekara goma ba ta motsa ba. A nan ake yin asara mafi yawa, domin robobin cikin na'urar sun bushe, sai ta cafke zaren ta tauna. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ka shimfiɗa tabarma a ɗaki mai iska, ba a rana ba, ka fito da su ɗaya bayan ɗaya. Kowane kaset na VHS ka ɓalle ɗan haƙorin roban nan da ke gefensa, na mini-DV kuma ka tura ɗan maɓallinsa, don kada wani ya yi kuskuren ɗaukar wani abu a kai.

Sai warewa, kuma a nan nake so ka daɗe. Fim ɗaya yana iya zuwa maka a siffa huɗu, kuma darajarsu ba ɗaya ba ce. Mafi daraja su ne kasakasan kamara, waɗanda aka ɗauka a lokeshin kafin a yanka komai. Sau da yawa ba a rubuta sunan fim a jikinsu ba, sai dai ka ga "rana ta uku" ko "waƙa", shi ya sa su ake fara zubarwa. Na biye da su masta, wato kaset ɗin da edita ya sauke fim a kai bayan ya gama, ko Betacam ne, ko S-VHS, ko mini-DV, ko DVCAM. Sannan kwafin kasuwa na VHS, wanda jikan jikan masta ne, kowane kwafi kuma yana rage haske da kaifin hoto. Na ƙarshe faifan VCD. Mutane suna ganin faifai yana ƙyalli sai su ɗauka ya fi kaset, har na ga wanda ya juye mastocinsa a VCD ya ba yara kasakasan suka yi wasa da zaren. Hoton VCD ɗigo 352 ne sau 288, na masta kuwa idan an juye shi daidai 720 ne sau 576. Kashi ɗaya cikin huɗu ke nan na hoton ya rage masa. Duk da haka, idan VCD kaɗai ya saura, ka riƙe shi da kyau, ka daina rubutu a bayansa da biro, domin fatar da ke ɗauke da fim ɗin tana dab da ɓangaren rubutun.

Kana warewa kana dubawa ta tagar kaset ɗin. Idan ka ga farin gari ko ɗigo-ɗigo a gefen naɗin zaren, fumfuna ce. Ka sa takunkumi, don tana taɓa ƙirji, ka ware waɗannan a kwali daban. Kaset mai fumfuna idan ya shiga na'ura zai shafa wa kan na'urar, wato ɓangaren da ke karanta zaren, ita kuma ta shafa wa duk wanda ya biyo baya. Ba a wanke shi da ruwa, ba a shanya shi a rana. Akwai kuma wanda zarensa ke danƙo, ka ji na'ura tana ƙara kamar za ta tsaya. Laima ce ta narkar da abin da ke riƙe da hoton a jikin zaren. Irin waɗannan aikin masu kayan aiki ne, ka bar su yadda suke har a kai su inda za a iya.

Idan kuwa Allah ya sa a cikin kayan akwai gwangwanin zaren majigi, mai milimita 16 ko 35, to ka samu babban abu, sai ka ƙara kula. Buɗe murfin kaɗan ka shinshina daga nesa. Warin tsami irin na ruwan khal alama ce zaren ya fara ruɓewa, kuma tururin da yake fitarwa yana saurin lalata na kusa da shi, don haka a raba su ɗaki. Kada ka warware shi don ka ga hoto, kada ka nemi tsohon majigi ka ɗora. Zare mai milimita 35 da aka yi kafin farkon shekarun 1950 yana iya zama na naitiret, mai kamawa da wuta, wadda ruwa ba ya kashe ta da sauƙi. Wannan ba na ajiyewa a gida ba ne ko na kwana ɗaya; a sanar da ma'adana a ce su zo su gani.

Kafin ka shirya kaiwa, kayan za su zauna a wurinka na wani lokaci. Mu a Jos muna da gatan sanyi, tunda garin yana kan tudu kimanin mita 1,200, amma daminarmu doguwa ce, daga Afrilu har Oktoba, kuma laimarta ita ce babbar abokiyar gabar kaset. Kada ka ajiye a ƙasa. Wanda ya ga ambaliyar 2012 a Rikkos da Gangare ba sai an yi masa bayani ba. Kada ka kuma tura su saman silin ƙarƙashin kwano, inda rana ke dafa su dare ya sanyaya su. Wannan hawa da saukar ya fi zafin kansa ɓarna. Ɗaki na tsakiya, kan kanta, a tsaye kamar littattafai, kowanne cikin kwalinsa, nesa da lasifika da janareta saboda maganaɗisu. Kada ka ɗaure su cikin leda a tsakiyar damina, laimar za ka kulle tare da su. 'Yan ƙullin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin takalmi ko na magani suna taimakawa idan akwatin mai murfi ne. Ka riƙa duba gara.

Yanzu sai littafi. Sayi babban littafin rajista, ka ba kowane kaset lamba, ka rubuta lambar a jikinsa da kwalinsa. A gaban kowace lamba: sunan fim, kashi na nawa, shekara, kamfani, furodusa, darakta, marubuci, mai ɗaukar hoto, edita, 'yan wasa, inda aka yi lokeshin, irin kaset ɗin, da halin da ka same shi. Abu ɗaya da kusan kowa ke mantawa, kuma yana ci mini rai: mawaƙa. A finafinanmu wanda ke motsa baki a hoto daban, mai muryar daban, mai rubuta waƙar daban, mai kaɗa fiyano a situdiyo daban, kuma da yawa ba a sa sunansu a jerin ƙarshen fim ba, musamman mata masu amshi. Idan ba ka rubuta su yanzu da masu tunawa ke raye ba, sun tafi ke nan. Shekarar fim kuma kada ka dogara da ka. Duba takardar shaidar tacewa, ko fasta, ko tsofaffin mujallu irin su Fim, wadda ta fara fitowa a 1999, da Tauraruwa. Fastoci, hotunan lokeshin, rubutun labari ko da na hannu ne a littafin makaranta, rasiɗin 'yan kasuwa, duk a haɗa su a ambulan mai lambar fim ɗin. Ma'adana tana bukatar takarda kamar yadda take bukatar hoto.

Wata Hajiya ta taɓa kawo mini kayan marigayi maigidanta, ta ce, "Malam, ni dai ban san kansu ba, yaran sun ce a ƙone." Na ce, "Hajiya, a yi haƙuri a ba ni sunan wanda ya fi yawan bin Alhaji lokeshin." Ta aika aka kira wani dattijo da ya yi masa aikin fitila. Ya zauna yana ɗaga kaset yana faɗin fim ɗin da ƙauyen da aka ɗauka, har da wanda ya ara musu doki. Na kunna rikodar wayata na bar shi yana zuba. Ka yi haka kai ma. Murya a waya, da sunan mai magana da ranar da aka ɗauka, ita ma kayan ma'adana ce.

Juyewa zuwa kwamfuta shi ne inda kuɗi ke shiga, kuma inda aka fi cutar mutane da aikin ganin ido. Ka ɗauka cewa tsohon kaset sau ɗaya zai ba ka dama, don haka a shirya komai kafin a tura shi. A goge kan na'urar, a gwada ta da kaset ɗin da ba a damu da shi ba. A tabbatar akwai inbata ko batir. Wutar da ta ɗauke ana tsakiyar juyewa tana iya barin zare a naɗe a cikin inji. Ga VHS da Betacam, ka tambayi mai aikin ko yana da na'urar daidaita rawar hoto, wadda ake kira TBC. In babu, layukan hoton za su riƙa karkacewa, kuma a haka za su dawwama. Ga mini-DV da DVCAM, abin ya fi sauƙi, domin hoton dama na dijital ne: a ja shi ta wayar FireWire yadda yake, awa ɗaya kimanin gigabait 13. Wanda ya ce zai bi da shi ta jan waya da fara da rawaya, ka ɗauki kayanka ka yi gaba.

Ga sharuɗɗan da nake kafawa, kuma ban yarda a sassauta ko ɗaya ba. A bar hoton a tsarinmu na PAL, hoto 25 a daƙiƙa. A bar shi a faɗinsa na asali, 4 bisa 3. Kada a ja shi ya cika allon zamani har fuskoki su baje, kada a yanke sama da ƙasa. Kada a manna tambarin kowa, kada a sa lambar waya tana gudu a ƙasa, kada a cire tallan da ke farkon kaset, don su ma tarihi ne. Kada a "gyara" kala ko a wanke hoton da manhajar da ke ƙirƙiro fuska. Wanda ke son wannan ya yi a kan kwafi. Fayil biyu za a fitar: uwa, wadda ba a matse ta ba, da ƙaramar MP4 ta kallo da turawa. Ma'adanai da yawa a duniya suna ajiye uwar a tsarin FFV1 cikin Matroska, kuma manhajarsa kyauta ce; in mai aikinka bai san shi ba, ProRes ma ya wadatar. Uwar tana da nauyi, awa ɗaya tana cin gigabait gommai, amma rumbun kwamfuta mai terabait biyu zai ɗauki finafinai masu yawa.

Kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya a wani gari. Gobarar babbar kasuwar Terminus ta 2002 ta koya wa duk ɗan Jos abin da ake nufi da tara dukiya wuri guda. Filash ba wurin ajiya ba ne. WhatsApp yana matse bidiyo ya zubar da rabin kyansa. YouTube kuwa kasuwa ce; ana iya rufe tasha da safe ɗaya kan ƙorafin haƙƙin mallaka, kuma abin da za ka sauke daga can ba shi ne abin da ka ɗora ba. Rumbunan kuma a riƙa kunna su ko sau ɗaya a shekara, a buɗe fayiloli a gani, bayan 'yan shekaru a kwashe zuwa sabo. Bayan an juye, kada a zubar da kaset ɗin. Shi ne shaida, kuma wata rana za a samu na'urar da ta fi ta yau.

Kafin ka doshi hukuma, ka warware maganar mallaka, domin ita ce tambayar da za a fara yi maka. Riƙe kaset daban, mallakar fim daban. A zamanin kaset furodusoshi da yawa sun sayar wa 'yan kasuwar Ƙofar Wambai da Bata a Kano, wani da takarda, wani da baki, wani haƙƙin bugawa kawai ya sayar, wani duka. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta ba fim kariya ta shekara 50 daga fitowarsa, ke nan ko finafinan farkon 1990 ba su zama na kowa da kowa ba tukuna. Idan mai fim ya rasu, haƙƙin ya shiga gado kamar gona ko shago. A tara magada, a sa malamin da ya raba gadon ko wani babba a gida ya shaida, a wakilta mutum ɗaya da sa hannun sauran. Wannan zama ɗaya yana hana rigimar shekara goma.

Daga nan sai wasiƙa zuwa ga Manajan Daraktan hukumar, ka ce kana da kaya kaza da kake son ajiyewa a ma'adanar ƙasa, ka haɗa da kwafin shafukan rajistarka da hotunan kasakasan. Ka kai da hannu, a buga maka hatimin karɓa a kwafinka. Idan kana cikin ƙungiyar masu shirya fim, irin su MOPPAN, ku haɗu ku rubuta tare. Kayan mutum ashirin sun fi na mutum ɗaya saurin samun kunne. Ranar farko kada ka je da kayan. Je ka gaisa da ma'aikatan, ka nemi ganin ɗakin ajiyar da idonka, ka tambayi yadda ake sanyaya shi da abin da ake yi idan wuta ta ɗauke, da irin na'urorin da suke da su na irin kaset ɗinka. Tambayar nan ba raini ba ce, kuma ma'aikacin ma'adana na gaske yana jin daɗinta. Tun 2019 Jami'ar Jos, tare da hukumar da Jami'ar Goethe ta Farankfot a Jamus, take koyar da digiri na biyu kan al'adun fim da adana shi, don haka a garin nan akwai matasan da wannan ne karatunsu, kuma kayanmu na Hausa suna cikin abin da ya kamata su yi bincike a kai.

Abin da za ku rubuta a yarjejeniya shi ne ƙashin bayan komai. Kyauta ka bayar, ko ajiya? Idan kyauta ce, kaset ya zama nasu. Idan ajiya ce, naka ne, suna riƙe maka amana, kuma a faɗi yadda za ka karɓa in ka so. Ni ajiya nake ba mutane shawara, aƙalla da farko. A rubuta ƙarara cewa haƙƙin mallaka yana nan wurinka. A rubuta wanda aka yarda ya kalla: ɗalibi da mai bincike a cikin harabar, ina ganin a bar su; nunawa a biki ko talabijin ko intanet, sai da izininka a rubuce; sayar da wani yanki ga mai shirya wani fim, sai an zauna da kai. Idan su za su juye, a rubuta cewa za a ba ka kwafin uwar fayil ɗin, ba ƙaramar kaɗai ba, da lokacin da za a yi hakan. A jera kowane kaset da lambarsa a bayan takardar, ku sa hannu shafi-shafi.

Kuma kada ka yi ƙyashin a nuna. Fim ɗin da aka gyara aka haska a Zuma, ko aka nuna wa ɗaliban makarantar fim, shi ne zai sa wani ya tuna cewa shi ma akwai buhu a gidansu.

Ranar kai kayan, a jera su a tsaye cikin kwali mai ƙarfi, a cusa takarda a tsakani don kada su yi ta karo a hanya. A sa su cikin mota inda mutane ke zama, ba a but ba, ba kuma saman mota ba, musamman ga mai tahowa daga Kano ko Bauchi da rana. Masu fumfuna da masu warin tsami a kwalinsu daban, a rubuta a jiki. A ƙirga a gabanka, a ba ka rasiɗi mai hatimi da sunan wanda ya karɓa. Rasiɗin da yarjejeniyar ka yi musu kwafi biyu, ka ajiye na asali tare da takardun gida, ka kuma nuna wa babban ɗanka ko 'yarka inda suke da abin da suke nufi.